Daminar Janye Ƙwaya

Litinin, 6 ga Yuli 1959, da hantsi

Yau na karanta shafi guda cur, haruffan ba su narke ba. Na sake karantawa don in tabbata ba haddacewa na yi ba. Sai na ɗauko wannan littafin rubutu da Malam ya kawo mini tun kafin sanyi, na ce bari in gani ko hannuna ma ya dawo. Ga shi ya dawo.

Makon jiya likita baturiya ta ce lokaci ya yi da za a fara janye mini ƙwayar. Tun bayan ƙaramar salla nake shanta, uku a rana. Ban raina mata ba. Ita ta tashe ni daga tabarma a lokacin da ko wanka sai Inna Hajo, ƙanwar uwar Malam, ta taso daga Gyallesu ta yi mini faɗa. Amma tana busar da baki kamar na ci gari, kuma ta hana ni karatu. In na kawo takarda kusa da ido sai baƙaƙen su zama hayaƙi.

Yanzu biyu nake sha. Nan gaba sai ɗaya, sannan rabi, sannan babu. Sista mai yi mana fassara ta ce jiki zai yi ƙorafi, su jiri da mafarkai da tashin zuciya, wannan ba komai ba ne. Amma in ramin ya dawo, to a koma uku.

Rami, sunan da na sa masa ke nan. Ba zan koma ba in Allah ya yarda. Zaman da na yi ba karatu ya ishe ni.

Laraba, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Malam ya dawo daga maɗaba'a da takardun da suka ɓaci, ɗaure a bayan keke. Da ma haka yake yi mini tun ina amarya. Duk wadda inji ya murguɗe ko tawada ta yi mata yawa, maimakon a ba mai ƙosai, sai ya roƙa ya kawo mini. Da na daina gani sai ya daina kawowa. Yau ya ajiye su a bakin gado ya tafi alwala.

Labarin wata mata ne da mijinta mai gyaran agogo ya hau jirgin ƙasa bai dawo ba, tana binsa tasha tasha. Ba farko, kuma daga tsakiya an yi tsalle. Na ce, “Malam, ta same shi?”

Ya ce, “Wa?”

“Matar mai agogo mana. Ba kai ka jera haruffan ba?”

Ya ce shi haruffa yake gani, ba labari ba. Ɗaya ɗaya yake tsinto su daga akwati, na dalma ne, kuma a juye suke, sai an buga a takarda suke miƙewa. Na ce wannan ai kamar mai tuƙa tuwo ne da bai san ɗanɗanonsa ba. Ya yi dariya har hularsa ta goce.

Allah ya jiƙan Baba. Da bai toshe kunne ya kai ni makaranta ba, da yanzu da takardun nan wuta zan hura.

Asabar, 11 ga Yuli, da safe

Jiri. In na juya kai, ɗakin sai ya biyo ni daga baya, a makare.

Lahadi, 12 ga Yuli, da azahar

Agatha ta shigo bayan sun taso daga coci, da ɗankwalinta mai tsayi kamar hasumiya. Matar Polycarp ce mai kantin da ke jikin gidanmu, katanga ɗaya ta raba mu, ina jin kekenta na ɗinki tun safe. Ta kawo mini citta da lemon tsami.

Ta ce, “Matar Malam, tashi ki zauna. Wannan kwanciya ta masu kuɗi ce.”

Na ce ƙasa ce ke gudu.

“To ki riƙe ni, ni ba na gudu. Kin ga jikin nan? Ko jirgi sai ya yi shawara kafin ya ture ni.”

Ta dafa cittar da kanta, ta tsaya a kaina har na shanye. Ta tambayi labarin mai agogo, na ba ta. Ta ce ita kam, in da Polycarp ne ya hau jirgi bai dawo ba, kanti za ta fara ƙirgawa tukuna.

Ita kaɗai ta zo. Kullum ita kaɗai take zuwa, sai ta bar jaririyarta Chinwe wajen ubanta. Ban taɓa ce mata ta yi haka ba. Ina jin yarinyar ta katanga, yanzu ta fara gwalantu.

Alhamis, 16 ga Yuli, da yamma

Cika-ciki. Inna Hajo ta zo da wutsiyar ragon layya da ta adana, ta yi miyar taushe da ta cika unguwa da ƙamshi. Ni kuwa ƙamshin nan kamar ana juya mini hanji da muciya. Ta ce duk wanda bai ƙoshi yau ba haka zai ƙare shekara. Na ce to Inna, bana shekarar kunu ce.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta matso ta rage murya: “Maijidda, ko dai?”

Na ce a'a Inna, maganin ne.

“Wane irin magani ne wannan, a sha a yi ciwo, a bari a yi ciwo? Ni da mijin nan naki Isiyaku ya bar ni da ke, da tuni na gama da rubutu da hayaƙi.”

Amma ta dama mini kunun tsamiya, ta zauna tana yi mini fifita. Hannun nan nata ne ya yi ta watsa mini tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma lokacin sanyi, har aka cika kwanakin, ko da yake babu dalilin cikawa. Ita ta ce jiki bai san abin da ya faru ba, sai an yi masa nasa.

Na sha kofi biyu. Shekara ta cika.

Litinin, 20 ga Yuli, da sassafe

Daga yau ɗaya.

Mafarkan nan sun fi littattafai. Jiya na ga kaina a tashar jirgi, ni ce mai sayar da tikiti, duk fasinjojin kaji ne, kowace da ɗankwalin Agatha. Na farka jiƙe da zufa ina dariya. Malam ya ce tun da ya aure ni bai taɓa jin mutum na cewa “a bi layi” cikin barci ba.

Akwai wani mafarkin kuma. Wannan ba na rubutawa ba ne.

Laraba, 22 ga Yuli, da hantsi

Na yi wa Malam tsawa. Ni! A kan kukan kekensa. Kullum haka yake ƙiiƙii in zai fita da shi daga zaure, ban taɓa damuwa ba, yau kuwa kamar ana ja mini zare a cikin kunne. Na ce ko dai a gyara keken nan ko a jefa shi rijiya. Ya tsaya yana kallona. Sai ya jingine shi, ya shiga madafa, ya ɗebo man gyaɗata na miya a cokali ya ɗiga wa sarƙa.

Ya ce, “Ranki ya daɗe, a gwada a ji?”

Kunya ta kama ni har na rufe fuska da zane. Ya ce sista ta gaya masa za a yi haka, kuma shi ya fi son mai faɗa da mai shiru. Ya faɗa yana duban keke, ba ni ba.

Asabar, 25 ga Yuli, bayan azahar

Ruwa tun safe. Na tara a duk abin da ke da baki, har murfin langa. Na gasa masara, na ja tabarma bakin ƙofa, na karanta sababbin takardun da aka kawo. Matar mai agogo ta isa wata tasha ta tarar da agogon bango yana tafiya daidai, bayan kowa ya ce shekara da shekaru a tsaye yake. Ta san ya bi ta nan.

Na ji tsigar jikina ta tashi. Na ajiye takardar ina mamaki. Ashe tun da na fara ƙwayar nan ba abin da ya taɓa ni haka, daɗi ko akasinsa, kamar an naɗe ni cikin auduga. Yau audugar ta yi ɓula.

Kaina na sara kaɗan kaɗan, amma ranar ta yi kyau. Ramar da na shuka a bayan ɗaki ta kai gwiwa.

Talata, 28 ga Yuli, da safe

Lafiya lau. Na wanke kai, na yi kitso.

Litinin, 3 ga Agusta, da hantsi

Daga yau rabi. Ƙwayar ƙarama ce, ga santsi, ga tauri. Na sa wuƙa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado, muka bi ta da rarrafe ni da Malam kamar masu neman ɗan kunne. Daga baya ya kawo sabuwar reza, ya kifa faranti, ya raba ta tsaf. Hannun da ya saba da ƙananan haruffa. Ya jera mini na mako guda a cikin gwangwanin ashana na ƙarfe, ya ajiye kwalbar maganin a kan akwatina.

Na ce ya canja mata wuri. Bai tambayi dalili ba, ya ɗora ta kan taga. Akwatin nan ba na buɗe shi, ba na kuma son abin da zai kai hannuna wajen kowace safiya.

Alhamis, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Ni na jawo. Na leƙa ta katanga na ce wa Agatha, “Wai ke 'yar nan taki ta zinariya ce da ba a fitowa da ita?”

Keken ɗinkin ya tsaya. Can sai ga ta da Chinwe a kafaɗa. Ta yi ƙiba, duk wuya, haƙora biyu a ƙasa. Agatha ta tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙuwa. Na miƙa hannu. Nauyinta ya ba ni mamaki. Ta kama mini ɗan kunne ta ja, ta yi mini fitsari a zane, Agatha ta ce to shi ke nan, ta zaɓe ki, sai ki fara tara mata kwanoni.

Muna cikin dariya sai ta ce, “Da yanzu tare suke rarrafe.” Wata guda ne tsakaninsu.

Ta ci gaba, a hankali: “Kowace Lahadi ina sa shi a addu'a. Amma yaron Maijidda nake cewa, yaron Maijidda. Ina so in kira shi. Me sunansa?”

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Bahaushiya ba za ta yi ba. Na ce mata bai kai suna ba.

Ta ce, “Amma Polycarp ya ce a wajenku uba na raɗa wa yaro suna a kunne tun ranar farko.”

Na ce haka ne.

“To?”

Na ce tuwona zai kama. Ban ɗora tuwo ba.

Juma'a, 7 ga Agusta, da azahar

Ban tashi ba sai yanzu.

Asabar, 8 ga Agusta, da yamma

Ban sani ba. Abin ke nan. Malam ya karɓe shi a hannu ranar, ya juya baya, ya yi masa huɗuba, na ga leɓensa na motsi. Aka ce sai ranar suna kowa ya ji. Ranar ba ta zo da shi ba.

Kuma ɗan fari ne. Ko da ya rayu ba zan kira sunansa ba, ba zan ɗauke shi a gaban mutane ba, in an yabe shi sai in kau da kai. Da ya tafi ma haka aka so in yi, na kuwa yi. Mata suka yi ta cewa kai, yarinyar nan akwai kunya, ko hawaye. Na riƙe, na riƙe, har na nemi abin da nake riƙewa na rasa, sai rami.

Inna Hajo ta zo ta tarar da idona a kumbure. Na gwada mata zancen daga nesa. Ta ce, “Kul! Ina ruwanki da sunan? Wanda ya ba ki ya karɓi abinsa, wani na tafe. Kada ki tayar wa yaron nan da hankali, shi ma daurewa yake.” Ta faɗa tana gyara mini ɗankwali. Na san don ni take yi.

Bayan ta tafi na ɗauko kwalbar daga taga. Akwai sauran cikakku a ciki. In na haɗiye uku, gobe audugar za ta fara dawowa, in huta. Na juya ta a hannu har aka kira magariba.

Lahadi, 9 ga Agusta, da hantsi

Rabi na sha, kamar yadda aka ce.

Na yi kuka da asuba, na yi shara ina yi, na ɗora koko ina yi. Sai na lura da wani abu: wancan karon ban yi shara ba. Ban ɗora komai ba. Ban ma yi kukan ba.

Agatha ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa ta kan katanga, ba ta leƙo ba, hannunta kawai na gani. Ta ce, “Bakina ya yi tsawo. Ki yafe.” Na kama hannun na riƙe. Na ce gyaɗar ba gishiri. Ta ce, “Ji mara godiya!”

Talata, 11 ga Agusta, bayan azahar

Asibiti. A hanya, a bayan keken Malam, na shirya ƙarya tsaf: lafiya lau, barci lau, ba kuka. Ina tsoron in na faɗi gaskiya a ce a koma uku, haruffa su sake narkewa, in bar matar mai agogo a tasha har abada.

Da na zauna gaban likita sai ƙaryar ta gudu. Na faɗa mata duka, har da kwalba.

Ta yi ta tambaya, sista na juyawa. Kina cin abinci? Ina ci. Wa ke yi miki wanka? Na ce ni mana, sista ta yi murmushi, don ta tuna lokacin da amsar ba haka take ba. Me kike yi da rana? Na ce karatu, na soma ba su labarin mai agogo har sista ta manta da fassara ta ce, “To ta same shi?”

Likita ta ce mai ciwon nan ba ya damuwa da ko an sami mai agogo. Ta ce kuka daban, rami daban. A ci gaba da rabi zuwa Lahadi, daga nan a tsaya. In na ga na daina tashi, na daina ci, in dawo da gudu, ba abin kunya ba ne, ƙwayar tana nan.

Da muka fito Malam ya saya mini rake. Na sha a bayan keke kamar yarinya, mayafi a baki, ina tofar da ɓawo a ɓoye.

Litinin, 17 ga Agusta, da safe

Babu. Na buɗe gwangwanin don sabo, na rufe.

Laraba, 19 ga Agusta, da la'asar

Ɗan jiri da safe, ya wuce kafin hantsi. Yawu ya dawo bakina, har na ji daddawa ta yi yawa a miyar jiya, abin da Malam ya yi wata da watanni yana ci bai faɗa ba.

An kawo ƙarshen labarin, amma inji ya cinye rabin shafin. Ta shiga wani shago ta ji ƙarar agogo da yawa, wani mutum ya ɗago kai. Daga nan sai baƙin tawada. Na yanke wa kaina cewa shi ne.

Na buɗe akwatin. 'Yan rigunan suna nan yadda na ninke su, da hular ulu da na saƙa wadda ta yi masa yawa. Na shanya su a rana, na mayar. Hular kawai na bari a waje.

Alhamis, 20 ga Agusta, bayan magariba

Na tambaye shi. Yana cin tuwo, na zauna daga gefe ina duban bango, na ce, “Malam, ranar nan, me ka raɗa masa?”

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya ce, “Kina iyawa?”

Na ce ban sani ba, amma ina so.

Ya buɗe baki ya rufe. Ya ce, “Bakina ba zai iya ba, Maijidda. Ki bari sai gobe.” Ya wanke hannu ya tafi masallaci, ya bar rabin tuwon.

Ban ji haushi ba. Shi ma ɗan farinsa ne.

Juma'a, 21 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Ya shigo da rigarsa ta Juma'a, ya ce in kawo littafin nan nawa da fitilar ƙwai. Na ce fitila da rana tsaka? Ya ce in dai kawo.

Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wani ɗan ƙulli a tsumma. Haruffan dalma ne, 'yan ƙanana, an ɗaure su da zare sun zama layi ɗaya. Zaren ya yi baƙi don daɗewa. Ya ce washegarin haihuwar, da aka tashi cin abinci a wurin aiki, ya tsinto su daga cikin tsofaffin da za a narkar, ya jera, don kawai ya ga yadda sunan zai tsaya. Ya yi niyyar bugawa ya nuna mini ranar suna. Tun daga lokacin suna aljihunsa, in an wanke riga ya mayar da su wata.

Na karɓa na duba. A juye suke, ban iya karantawa ba.

Ya lakato baƙin hayaƙi daga ƙwan fitila, ya ɗiga man gyaɗa, ya murza a bayan faranti, ya shafa wa haruffan da ɗan yatsa. Ya ce, “A ina?” Na buɗe masa nan, ƙasan inda na tsaya. Ya ɗora, ya danna da tafin hannu, ya ɗaga.

Mahmudu

Sunan Baba. Shi ya sa bakinsa ya kasa ta ko'ina, ga ɗan fari, ga suruki.

Ya ce, “Na ce ko zai gaji karatun.”

Muka zauna. Na yi kuka, shi kuma ya yi ta goge yatsansa da tsumma bayan baƙin ya riga ya fita. Ta katanga keken Agatha na tafiya, Chinwe na buga murfin tukunya. Anjima zan kira Agatha in nuna mata shafin, ta karanta da kanta, ta sami abin faɗa ranar Lahadi. Ni ba zan faɗa ba. Ba a ce kada in duba ba.

Harafin ƙarshe bai kama sosai ba. Malam ya ce bari ya sake dannawa. Na ce ya bar shi, ina ganinsa sarai.